Tankaɗen Maganar Madawaki

A zamanin Sarki Tunau na birnin Gwandarau, ba a yi mutum mai iya magana kamar Madawaki Arzika ba. Jarumi ne, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba, amma harshensa ya riga mashinsa yin suna. In ya miƙe a majalisa, dattawan da suka taho da ra'ayinsu tun daga gida sai su neme shi su rasa. Ya san inda zai sassauta murya har kowa ya miƙo wuya, ya san inda zai ɗaga ta har azarar soro ta amsa. Yana da makaɗin kotso da ke tsaya masa a bakin ƙofa, wanda ya laƙanci numfashin ubangidansa sarai. Da Madawaki ya yi shiru, sai kiɗa ya cike gurbin, don kada wani ya sami sararin yin tunani.

Birnin kuwa na da wata tsohuwar al'ada da ake kira tankaɗe. In wani ya yi jawabin da zai fitar da mayaƙa daga ganuwa, kowane ɗan majalisa na da ikon ya ce a tankaɗe maganar. Sai a watse a kwana. Da safe a sallami makaɗa, Sankira mai shelar fada ya zauna a ƙasa, ya juya wa jama'a baya, ya maimaita jawabin da muryar da mutum ke gaida maƙwabcinsa. Ba kirari, ba rantsuwa, ba hawaye. Wanda ya nemi tankaɗen ya yi tambaya a kan kowace magana, Sarki ya yanke: wannan gari ce, wannan dusa. In an sami gari, wato hujjar da ta tsaya da ƙafarta a kan fitar da ake so a yi, ko da ƙwaya ɗaya ce, wanda ya nemi tankaɗen ya ajiye sarautarsa ya bar birni. In kuwa duk dusa ce, mai jawabi ya rasa bakinsa: zai zauna a majalisa, amma ba zai ƙara furta kalma a cikinta ba har ya mutu. Saboda tsananin hukuncin, an daɗe ba wanda ya taɓo al'adar, har samari na zaton tatsuniya ce.

Ana cikin haka, a ƙarshen wata damina, manzo ya iso fada a guje daga Rafin Gawo, wani ƙauye a iyakar kudu. Ya faɗi gaban Sarki ya ce mahaya sun auka musu, sun ƙone rumbuna, sun kashe waɗanda suka tsaya. Ya ce da idonsa ya ga garkuwoyinsu, farare masu jan zane a tsakiya. Kowa a Gwandarau ya san wannan zanen na mutanen Dutsen Yalmu ne, maƙwabtan da ke tsallaken kogin kudu.

Sarki ya tara majalisa. Madawaki ya shigo a makare, da gangan, riƙe da wani ƙunshi. Ya yi gaisuwa, ya kwance ƙunshin, ya zuba toka a gaban Sarki sannu a hankali, har ta ƙare bai ce uffan ba. Sannan ya fara da murya ƙasa-ƙasa.

"Allah ya ba ka nasara, Zaki. Wannan da kake gani gumin talakawanka ne na damina guda. Tuwon marayu ne. Kakanka Sarki Bagudu, da ya gina ganuwar nan, in aka taɓa akuyar talakansa ba ya kwana sai ya rama. Ga shi can kwance bayan fada yana saurarenmu. Me za mu ce masa?"

Kotso ya amsa daga ƙofa. Madawaki ya ɗaga murya.

"Shekaranjiya ƙudan zuma suka yi dafifi a kan ƙofar kudu, kwana ɗaya kafin wutar nan. Ko ƙwari sun san inda maƙiyi yake! Ku fita kasuwa ku ji, babba da yaro yaƙi suke kira. Yau Rafin Gawo, gobe gonakin bayan ganuwa, jibi wannan soron da muke zaune. Hanya biyu ce gabanmu, ranka ya daɗe, babu ta uku. Ko mu fita gobe da duk namijin da ke iya jan baka mu rushe Yalmu, ko mu zauna mu jira su zo su sa wa matanmu igiya."

Samarin da ke cike da ƙofar fada suka ɗauki ihu. Wasu hakimai har sun fara share ido da bakin rawani.

Galadima Nomau, dattijon majalisa, ya yi gyaran murya. Magana ba ta yi masa daɗi a baki, yana yi yana tari. Ya ce kogin kudu ya cika ya batse, tsallakar da runduna duka zai ci kwanaki. Ya ce kuma mutanen Zangaru na arewa, da suka daɗe suna haƙon birnin, sun yi shirun da bai gane masa ba, bai ga hikimar barin ganuwa ba kowa ba.

Madawaki ya yi murmushi, ya juya ga jama'a, ba ga Galadima ba.

"Ni ban ga laifin baba Galadima ba. Mahaifiyarsa 'yar Yalmu ce, nononsu ya sha. Ga kuma shekaru. In mutum ya kai inda hawa doki ke ba shi ciwon baya, kowane kogi cika yake yi a idonsa."

Aka tuntsire da dariya. Galadima ya sunkuyar da kai, maganar kogi da ta Zangaru suka bi dariyar suka tafi. Sarki Tunau, wanda bai daɗe a kan gadon sarauta ba kuma jininsa na tafasa, ya ɗaga hannu zai ba da umarnin buga tambarin yaƙi.

"A tankaɗe."

Muryar ta fito daga hagun Sarki, inda Magajiya Tasalla ke zaune. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ke riƙe da sarautar matan gidan, kuma ta ga sarakuna biyu kafin shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ko gyara zama ba.

Sarki ya ce, "Gwaggo, kin san abin da ke bayan wannan kalma?"

"Allah ya ja zamaninka, na riga ka saninsa. Ina yarinya aka yi na ƙarshe, ina leƙe ta bayan labule."

Madawaki ya rusuna mata har ƙasa, fuskarsa cike da fara'a. Ya san yana da shaidar manzo, don haka bai ji ko ɗar ba.

Da la'asar Galadima ya je gidanta, ransa a ɓace. Ya tarar bayi na ɗaure kaya, ita kuma tana zaune tana nuna musu abin da za su sa a wane lefe.

"Magajiya, me ya kai ki? Manzo ya ga garkuwa. Akwai gari a maganar nan, ko makaho ya gani."

"Na sani, Galadima. Ba ka ga ina ɗaure kaya ba?"

"To don me?"

"Don yau sun ji maganar ta cika soro. Ina so gobe su ga girmanta na gaskiya. In an ce wa mutum ya fitar da birni duka saboda abin da ya cika soro, zai fita. In an nuna masa abin a tafin hannu, zai sake tunani. Sarauta tawa ce, zan iya ajiye ta. 'Ya'yan mutane ba nawa ba ne."

Washegari majalisa ta cika tun hantsi. Aka kori mai kotso zuwa bayan kasuwa, aka rufe ƙofa a kan samari, aka share tokar jiya. Sankira ya zauna ya ba jama'a baya, ya fara kamar mai ba da labarin ciwon ƙafa.

"Madawaki ya ce an ƙone Rafin Gawo."

Magajiya ta ce, "An ƙone, ba mai musu, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma toka ba ta faɗi sunan wanda ya kunna wutar ba. A ajiye ta gefe sai mun zo kan mai wutar."

Sarki ya gyaɗa kai.

"Madawaki ya ce Sarki Bagudu na saurarenmu."

"Bagudu mahaifina ne. Yana da rai ma ba ya son a sa masa magana a baki. Wa ya je ya tambayo shi?"

Sarki ya ce, "Dusa."

"Madawaki ya ce ƙudan zuma sun sauka a ƙofar kudu kafin wutar."

"Bara ma sun sauka, bara waccan ma haka, duk lokacin da itacen bakin ƙofar ya yi fure. Wane ƙauye aka ƙone bara?"

"Dusa."

"Madawaki ya ce kasuwa duk yaƙi take kira."

"Mutanen kasuwa daga wa suka ji labarin? Daga manzon nan ɗaya da muka ji. In mutum dubu suka maimaita abin da mutum ɗaya ya gani, shaida nawa ke nan?"

Sarki ya ce, "Dusa."

Haka aka bi su. Maganar yau Rafin Gawo jibi fada, aka tambayi wa ya ga runduna a hanya, ba kowa. Maganar hanya biyu, Magajiya ta ƙirga wasu a yatsunta: a aika manzo, a tura 'yan leƙen asiri, a fita da rabi a bar rabi, a jira kogi ya janye. Da Sankira ya zo kan mahaifiyar Galadima, cikin muryar nan tasa marar gishiri, abin da ya ba mutane dariya jiya sai ya zama abin kunya, hakimai suka riƙa kallon ƙasa.

Magajiya ta ce, "Galadima ya ce kogi ya cika. In da mahaifiyarsa 'yar Gwandarau ce, ruwan zai ragu?"

"Dusa," in ji Sarki, wannan karon da ƙarfi.

Madawaki ya gyara zama. Bai taɓa jin maganarsa tsirara haka ba, kuma bai so abin da ya ji ba. Saura guda.

"Madawaki ya ce mutanen Yalmu ne suka ƙone ƙauyen."

"Wa ya gani?"

Manzo ya matso ya ce shi ya gani, garkuwa fara mai jan zane, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Ka ga fuskokinsu? Ka ji harshensu?"

Ya ce sun rufe fuska, kuma ba su yi magana ba.

Magajiya ta ce, "Allah ya ba ka nasara, garkuwa ɗauka ake yi, ba a haifar mutum da ita."

Sarki ya dubi Magajiya. Yana ƙaunar gwaggonsa, ita ta goye shi, amma al'ada ba ta san wannan ba. Ya ce, "Zato kike yi, Gwaggo, shi kuwa gani ya yi. Har sai an kawo abin da ya rushe wannan shaida, gari ce."

Magajiya ta miƙe, ta ajiye sandar sarautarta a gabansa. Kafin ta kai ƙofa Sarki ya ci gaba, ita kuwa ta rage tafiya don ta ji.

"Amma ƙwaya ɗaya ce, ba ta isa a fitar da birni ba. Madawaki zai tafi da mayaƙan gidansa kaɗai, ya tsaya bakin kogi ya gano mana gaskiya. Sauran runduna na nan cikin ganuwa a hannun Galadima, kuma kada a buga tambari."

Ta fita tana murmushi. Ran nan jakunanta suka bi ta ƙofar gabas zuwa Kukar Delu, ƙauyen kakanninta na wajen uwa.

Madawaki ya fita ta ƙofar kudu da tutoci da kiɗa, yadda duk mai leƙe daga nesa zai rantse birnin ne kaf ya tashi. Da ya isa kogi ya tarar Galadima bai yi ƙarya ba, ruwa ya shanye gaɓa. A tsallake kuma ga mayaƙan Yalmu sun yi sahu, Sarkin Yaƙinsu na tsaye kan wani dutse yana yi musu jawabi, iska na kawo muryarsa tar.

Madawaki ya kasa kunne. Mutumin na riƙe da ƙunshi, ya kwance ya zuba toka. Ya ambaci kakan sarkinsu da ke kwance yana sauraro. Ya ce shaho ya yi ta kewaya ƙofarsu ta arewa. Ya ce hanya biyu ce, babu ta uku, ko su rushe Gwandarau ko a sa wa matansu igiya. Yana yin shiru, ganga na cike masa gurbi.

Madawaki ya ji maganarsa a bakin wani. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, mutumin bai ma kai shi iyawa ba, amma ga jama'a na ihu. Ya sa mai kotsonsa ya yi shiru, ya shiga kwalekwale shi da mai tuƙi, ba mashi ba garkuwa, ya tsaya inda murya za ta kai.

"Sarkin Yaƙi! Me muka yi muku?"

"Kun ƙone mana sansanin iyaka, kun kashe masu tsaro, kun kwashe garkuwoyinsu!"

Tambayar da ta fito daga bakin Madawaki ba tasa ba ce, amma ita ya samu. "Wa ya gani?"

"Kibanku muka tsinta a wurin, masu baƙin gashi!"

"Kun ga fuska? Kun ji harshe?"

Sarkin Yaƙi ya girgiza kai. Madawaki ya gaya musu abin da ya sami Rafin Gawo, da irin garkuwar da aka gani. Mutanen biyu suka dubi juna ta kan ruwa, kowa ya gane wanda zai ci riba in suka kashe juna a bakin kogin nan. Madawaki bai tsaya sallama ba, ya ce a juya kwalekwale.

A daidai lokacin rundunar Zangaru ta riga ta sauka a arewacin Gwandarau. 'Yan leƙensu sun ga tutoci sun yi kudu, suka kai labari cewa ba kowa a birni sai mata da tsofaffi. Suka taho da tsani a kafaɗa, ko sahu ba su damu su gyara ba. Galadima ya bar su har suka shiga ramin ganuwa, sannan ya ɗaga sanda. Ruwan kibau ya sauko musu daga kowace kafa. Kafin su farfaɗo aka buɗe ƙofa, 'yan lifida suka fito. Duk da haka Zangaru na da yawa, suka ja da baya suka sake haɗuwa, aka yini biyu ana gwabzawa ba wanda ya kori wani. A rana ta uku da hantsi, Madawaki da ya kewayo ta yamma ba hutu ya faɗa musu ta baya. Nan ne sahunsu ya karye. Aka bi su har dajin iyaka, kuma a sansaninsu aka tarar da garkuwoyi farare masu jan zane a jibge ƙarƙashin wata rumfa.

Da aka zauna majalisar nasara, birni duka ya taru don jin yadda Madawaki zai ba da labari, don an san ranar tasa ce. Mai kotso ya gyara tsayuwa. Madawaki ya dube shi ya ce ya tafi bayan kasuwa. Ya sa aka shigo da garkuwa ɗaya aka ajiye gaban Sarki, sannan ya zauna a ƙasa, a wurin Sankira, ya juya wa jama'a baya.

"Allah ya ba ka nasara. Ka ce ƙwayar nan gari ce har sai an kawo abin da ya rushe ta. Ga shi na kawo. Zangaru suka sace garkuwar Yalmu suka ƙone Rafin Gawo. Babu gari a maganata, duk dusa ce. Da an bi ta, da yau babu birnin nan."

Sarki ya ce, "Madawaki, kai ka karya Zangaru. Ba wanda ya nemi wannan daga gare ka. Ka san abin da ke bayansa?"

"Na sani, Zaki. A ba Galadima haƙuri a kan abin da na faɗa game da mahaifiyarsa. A mayar wa Magajiya sandarta. Iyakar maganata ke nan."

Kuma ita ce iyakarta. Ya tashi ya koma mazauninsa ya rufe baki, soron da ya saba amsa muryarsa ya yi shiru.

Manzon Sarki ya iske Magajiya a Kukar Delu, zaune a inuwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa mata sanda, ya ce Sarki na jiranta, ƙwayar nan ta zama dusa.

"Wa ya faɗa?"

"Madawaki, ranki ya daɗe, da bakinsa. A zaune, ya ba jama'a baya."

Magajiya ta karɓi sandar. Ta yi tsammanin za a zo kiranta, amma ba ta yi tsammanin ta wannan hanya ba, kuma ta ji tausayin mutumin har cikin ranta.

"Ashe ranar da ya fi iya magana ita ce ta ƙarshe," in ji ta. "A kawo jakuna."

Manzo ya ce zai jira zuwa gobe, ko jibi, har bayi su gama ɗaure kaya. Magajiya ta nuna masa cikin zaure da sandar. Kayan na nan jere kamar yadda aka sauke su, ko igiya ɗaya ba a kwance ba.